Fashin Baƙi: Me Ya Sa Ɓari Ɗaya Yake Gazawa a Ruwa, Kuma Yaya Babba Zai Ƙarfafa Shi?

Shin mutumin da ya koyi iyo bayan ya girma, ya kuma lura cewa hannunsa ɗaya ba ya jan ruwa kamar ɗayan, zai iya gyara wannan, ko kuwa haka zai ci gaba har tsufa? Tambayar ta yawaita a bakin Hausawan Jidda da Makka a 'yan shekarun nan, tun da wuraren motsa jiki masu masbah, wato tafkin iyo da aka gina, suka ƙaru, aka fara ba wa na mata lasisi a 2017, kuma hukumar Saudiyya ta sa a cikin burinta na 2030 cewa masu motsa jiki duk mako su tashi daga kashi 13 zuwa kashi 40 cikin ɗari. Magidanta da iyaye mata da yawa sun shiga ruwa a karon farko bayan sun haura arba'in, wasu bisa shawarar likita saboda gwiwa ko ciwon sukari. Amsoshin da ke yawo a WhatsApp kuwa iri biyu ne, kuma duka biyun suna ɓatar da mutane. Wasu suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka babba ya haƙura. Wasu kuma suna cewa a ɗaura wa hannun mai rauni faranti, wato ɗan allon roba da masu iyo ke sa wa tafin hannu, a yi ta ja da ƙarfi har ya kamo ɗan'uwansa.

Abin da na gani a wata istiraha

Wani daren Alhamis muka kama hayar istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari, irin mai ɗan masbah a tsakar gida. A cikinmu akwai wani yayanmu direba, wanda ya shekara sama da ashirin yana jigila tsakanin Jidda da Makka, ya kuma koyi iyo bai fi shekara biyu ba. Duk lokacin da ya taso daga bango sai ya karkata, kafin ya kai ƙarshe kafaɗarsa ta goge gefen masbah. Ya fito yana murza kafaɗar hagu, ya ce mini hannun nan mataccen hannu ne, ba shi da ƙarfi tun yana yaro. Na ce masa, "Yaya, ɗaga mini wancan galan ɗin da hagu." Ya ɗaga ba tare da wata wahala ba, ya sauya zuwa dama, bambancin bai taka kara ya karya ba. Da ya koma ruwa na tsaya a gabansa ina kallo, sai na ga duk sanda ya juya dama zai shaƙi iska yana ɗaga kansa gaba ɗaya, hannun hagun da ya miƙa gaba kuwa yana danna ruwa ƙasa don ya tallafi kan, kamar mai dafa tabarma zai tashi. Hannun yana aiki sosai, sai dai aikin da yake yi ba ya tura jiki gaba ko kaɗan.

Abin da na gani a daren shi ne jigon wannan bayani. A wurin mafi yawan manya masu lafiya, abin da ake kira raunin ɓari ɗaya a ruwa matsalar koyo ce da matsalar numfashi kafin ta zama matsalar tsoka, kuma wanda ya fara da ƙarfi kafin ya gyara motsi yakan ƙare da ciwon kafaɗa.

Mece ce ma'anar ɓari mai rauni?

Kalmar tana ɗauke da abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Na farko shi ne ƙarancin ƙarfin tsoka na zahiri. Kusan mutum tara cikin goma na-dama ne, kuma a wurinsu riƙon hannun dama yakan fi na hagu da misalin kashi goma cikin ɗari, yayin da bahago sau da yawa hannayensa biyu suke kusa da juna, domin duniya ta tilasta masa amfani da dama. Wannan bambanci ƙarami ne, bai isa ya sa mutum ya bar hanyarsa a tsawon mita 25 ba.

Na biyu shi ne ƙarancin ƙwarewa. Hannun da ba a saba sa shi aiki mai laushi ba bai san inda yake ba idan ido ba ya kallonsa, kuma a iyo ido ba ya ganin hannu a mafi yawan tafiyarsa. Masu iyo suna maganar jin ruwa, wato tafin hannu da damtse su gane inda za su kama ruwa su tura shi baya. Hannun dama ya koyi irin wannan ji daga rubutu da cin abinci da ɗinki, na hagu kuwa yakan zame cikin ruwa ba tare da ya kama komai ba.

Na uku shi ne taurin gaɓa. Kafaɗa ko wuya ko gadon baya na iya juyawa cikin sauƙi zuwa gefe ɗaya su ƙi ɗayan. Sana'a tana da hannu a nan. Direban da ya saba jingina gwiwar hannu a taga, da telan da ya duƙa a kan keke shekara da shekaru, da ɗan dakon da ke saɓa kaya a kafaɗa ɗaya a kasuwar Bab Makka, da uwar da ke riƙe yaro a ƙugun hagu don hannun dama ya yi aiki, kowannensu jikinsa ya ɗauki siffar aikinsa.

Akwai kuma abin al'ada da ya kamata a faɗa a fili. Mun taso ana kwaɓar yaro idan ya miƙa abu ko ya ci da hagu, kuma wannan ladabi ne mai tushe a addini da ya shafi ci da sha da gaisuwa. Bai hana motsa hannun hagu ko ƙarfafa shi ba. Ko a dambe, inda ake naɗe hannu ɗaya ya zama mashi, ɗayan da ake kira garkuwa yana da aikinsa, kuma ɗan damben da garkuwarsa ta yi sanyi ba ya daɗewa a fage.

Yadda numfashi yake karkatar da jiki

Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka ƙaramin kuskure da ba ya nuna kansa a tudu yana fitowa fili a cikinsa. A iyon rub-da-ciki, wanda ake jan hannu ɗaya bayan ɗaya, jiki yana mirginawa dama da hagu a kan kashin baya. Mai shaƙar iska ta dama kaɗai yana mirginawa sosai idan zai yi numfashi, amma ba ya mirginawa daidai haka zuwa ɗaya gefen. Sakamakon haka hannun hagu ba ya samun sararin fitowa daga ruwa da kyau, sai ya zagayo ta gefe a ƙasa-ƙasa, ya faɗa ruwa yana tsallake tsakiyar jiki zuwa gaban fuska. Hannun da ya tsallake tsakiya kuwa yana jan jiki ya lanƙwashe, ƙafafu su buɗe kamar almakashi don su hana mutum kifewa, kuma wannan buɗewar birki ce.

Daga nan ne lissafi yake shigowa. Babban da ke ɗaukar bugu 20, wato jan hannu sau 20, a tsawon masbah na mita 25, idan ya yi mita 1000, ya juya hannayensa sau 800. Idan yana zuwa sau uku a mako, a wata guda ya maimaita wannan karkataccen motsi kusan sau dubu goma. Kafaɗa gaɓa ce mai sassauci, tsokoki huɗu ƙanana ne suke riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa, kuma idan hannu yana shiga ruwa a karkace, jijiyoyin waɗannan tsokoki suna gogar ƙashin da ke samansu. Wannan shi ne ciwon da likitocin wasanni suke kira kafaɗar mai iyo tun shekarun 1970. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ciwon yana iya fitowa a kowane ɓari: na hagu saboda matsewa, na dama saboda shi ke ɗaukar nauyin tafiyar duka.

A iyon kwaɗo matsalar takan sauka ƙafa. Ƙafa ɗaya tana juyawa waje ta tura ruwa da tafinta, ɗayar tana bi a miƙe ba ta tura komai, sai ƙugu ya karkata, cikin gwiwa ya fara zafi.

Ga mu mazauna gaɓar Bahar Maliya akwai wani abu da ke ɓoye laifin. Gishirin wannan teku ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin tekunan duniya giram 35 ne, don haka ruwan yana ɗaga jiki fiye da ruwan masbah. Mutum zai yi iyo a Obhur, bakin teku a arewacin Jidda, ya ji shi sakayau, ya koma masbah ya tarar ƙafafunsa suna nutsewa kuma hannu ɗaya yana gajiya, sai ya ɗora laifin a kan ruwan masbah, alhali ruwan masbah ne ya nuna masa gaskiyar motsinsa.

Saɓanin masu horarwa

Masu horarwa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani ɓangare yana cewa kowa ya koyi shaƙar iska bayan bugu uku, sau ɗaya dama sau ɗaya hagu, domin hakan yana daidaita mirginawa kuma yana raba aiki tsakanin kafaɗu biyu. Ɗaya ɓangaren yana cewa wannan yana rage wa mutum iska da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da shaƙa bayan bugu biyu, kuma babban da huhunsa bai saba ba zai gaji ya tsani ruwa. Suna kafa hujja da manyan zakaru, irin su Katie Ledecky ta Amurka, wadda ta mamaye tseren mita 800 da 1500 tana shaƙar iska galibi ta gefe ɗaya, da salon da ba a daidaita hannayen biyu a cikinsa. Akwai ma misalin Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu, wadda aka yanke wa ƙafar hagu bayan hatsarin babur a 2001, ta kuma shiga tseren kilomita 10 na buɗaɗɗen ruwa a gasar Olamfik ta 2008 tare da masu ƙafa biyu, ta zo ta 16. Jiki yana iya tafiya da sauri ba tare da ɓari biyu sun zama daidai wa daida ba.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiya a muhallinsa, amma hujjar zakaru ba ta hau kanmu. Su suna zaɓar gefe ɗaya ne bayan sun iya duka biyun, kuma suna da masu kula da kafaɗunsu kullum. Magidancin da ke shiga ruwa bayan ya tashi daga aiki bai zaɓi dama ba, hagun ne ya gagare shi. Abin da yake bukata shi ne ya kai matsayin da zai iya shaƙar iska ta kowane gefe ba tare da firgita ba, daga nan ya yi amfani da wanda ya fi masa daɗi a mafi yawan lokaci.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina yana cikin teku. Gaɓar Jidda tana fuskantar yamma, kuma iskar da ta fi kaɗawa tana zuwa ne daga arewa maso yamma. Mai shaƙa ta dama idan ya nufi arewa a gefen gaɓa, fuskarsa tana kallon tudu, igiyar ruwa tana bayan kansa, komai lafiya. Idan ya juyo zai dawo kudu, bakinsa yana buɗewa ne ta wajen teku, igiya tana watsa masa ruwan gishiri, rana mai faɗuwa tana cikin idonsa, kuma wannan yana faruwa ne a lokacin da ya riga ya gaji. Shaƙar ruwa sau biyu ko uku a jere ta isa ta rikita ƙwararre, balle sabon shiga. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma a wannan hali fid da kan ya dogara ga iya juya fuska ɗaya gefen.

Yadda mutum zai gane irin nasa raunin

Kafin a sayi komai, a gwada. A sa wani ya ɗauki hoton bidiyo da waya daga gaba, domin abin da mai iyo yake ji da abin da yake yi sukan bambanta ƙwarai. Sannan a yi tsawon masbah da hannun dama kaɗai, a ƙirga bugu, a huta, a maimaita da hagu. Idan hagu ya bukaci bugu da yawa fiye da dama amma a tudu yana ɗaga nauyi kusan ɗaya, matsalar kama ruwa ce. A tudu kuma a kwanta a gefe a tokare jiki da gwiwar hannu, ƙugu a sama, a duba agogo a kowane gefe, a kuma tsaya da ƙafa ɗaya, a kuma zura hannu ta baya a ga inda yatsa ya kai tsakanin allunan kafaɗa. Waɗannan suna nuna ko ƙarfin kwiɓi ne ya gaza ko gaɓa ce ta yi tauri.

Gyara a cikin ruwa

Matakin farko ba ya bukatar jan hannu ko kaɗan. Mutum zai kwanta a kan gefen da yake gudu, hannun ƙasa a miƙe gaba, na sama a jikin cinya, yana buga ƙafa a hankali, fuska a cikin ruwa, yana juya ta ya shaƙi iska ba tare da ya ɗaga kai ba. Alamar an yi daidai ita ce ido ɗaya ya rage a cikin ruwa lokacin shaƙa. Takalmin roba mai faɗi na masu iyo yana taimakawa a nan, domin yana ba da gudun da zai riƙe jiki a sama har hankali ya kwanta. A mako biyu na farko ruwa zai shiga hanci, kuma a nan ne mutane da yawa suke komawa gefensu na da. Maganinsa shi ne a riƙa fitar da iska ta hanci a hankali duk lokacin da fuska take cikin ruwa, ta yadda idan an juyo shaƙa kawai ta rage.

Hanya mafi sauƙi ta raba numfashi ba tare da an rasa iska ba ita ce a zaɓi bango ɗaya na masbah a riƙa kallonsa a tafiya da dawowa. Da haka za a shaƙa ta dama a tafiya, ta hagu a dawowa, kullum bayan bugu biyu. Wannan ya warware saɓanin masu horarwa ga mafi yawan manya, kuma shi na ba yayanmu direba shawara ya fara da shi.

Bayan haka sai iyo da hannu ɗaya, ɗayan a miƙe gaba, ana kula da cewa hannu ya shiga ruwa daidai saitin kafaɗarsa, yatsu su nuna ƙasa, gwiwar hannu ta kasance sama da wuyan hannu kafin a fara turawa baya. Yin iyo da dunƙulallen hannu na ɗan lokaci sannan a buɗe shi yana farkar da jin ruwa a tafin da ya yi barci. Duk wannan a yi shi a farkon shiga ruwa, lokacin da jiki bai gaji ba, na minti goma zuwa sha biyar, domin gajiyayyen hannu kuskure yake koya.

Game da farantin hannu da ake tallatawa, ina ganin hatsarinsa ga sabon shiga ya fi amfaninsa. Yana faɗaɗa tafi ya ƙara nauyin da kafaɗa ke ja, kuma idan motsin a karkace yake, ƙarin nauyin yana sauka ne daidai inda jijiya take gogar ƙashi.

Gyara a tudu

Ƙarfi yana da muhimmanci, musamman da yake tsoka tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan an wuce talatin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ƙa'idar a nan ita ce a horar da kowane ɓari shi kaɗai, domin idan hannu biyu suka kama abu ɗaya, mai ƙarfin yana ɗauke wa ɗan'uwansa aiki ba tare da an lura ba. A fara da mai rauni, a ƙirga abin da ya iya yi da kyau, sannan mai ƙarfi ya yi daidai wannan adadin kada ya wuce. Ba a bukatar kayan tsada: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita biyar ya isa a duƙa a dafa kujera a riƙa jawo shi zuwa kwiɓi. Igiyar roba da aka ɗaura a marikin ƙofa tana ƙarfafa ƙananan tsokokin bayan kafaɗa idan aka manna gwiwar hannu a jiki ana buɗe hannu waje a hankali.

Canjin makonnin farko daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, suna koyon kiran tsoka da kyau, girman tsokar kuwa sai bayan mako shida zuwa takwas. Tun 1894 masu bincike a Jami'ar Yale suka lura cewa horar da hannu ɗaya yana ƙara wa ɗayan ƙarfi ko da bai motsa ba, abin da ke nuna cewa ƙwaƙwalwar babba ba ta daina koyo ba. Wannan ita ce amsar masu maganar busasshen icce. Yana kuma da amfani ga wanda hannunsa ɗaya yake ɗaure bayan karaya, domin motsa lafiyayyen yana rage asarar da ɗaurarren zai yi.

Raunin da ba na masbah ba ne

Duk abin da ya gabata ya shafi bambancin da mutum ya daɗe da shi. Idan rauni ya zo farat ɗaya a hannu ko ƙafa, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma abin yi shi ne a fito daga ruwa a kira motar asibiti (lambar 997 a Saudiyya) nan take, domin maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin 'yan sa'o'in farko kaɗai. Raunin da ke tare da dindiris ko zafi mai saukowa daga wuya zuwa yatsu yana iya zama jijiya ce ta matse a ƙashin wuya. Kafaɗar da ta ƙi ɗaguwa ko da wani ne ya ɗaga ta, mai hana barci da dare, ta fi yawa ga masu ciwon sukari, kuma jan ruwa da ƙarfi ba ya sakinta. Waɗannan duka aikin likita ne da mai gashin ƙashi na asibiti.

Wanda ya yi shan inna yana yaro, ko ya warke daga shanyewar jiki, ruwa yana daga cikin wuraren da suka fi masa amfani saboda yana ɗauke nauyin jiki, amma tsarinsa daban ne, domin tsokar da shan inna ya taɓa tana iya ƙara rauni idan aka matsa mata fiye da kima. Irin wannan mutum ya nemi a tsara masa adadin da zai yi, kuma kada ya shiga ruwa ba tare da wani a kusa ba. Haka nan duk mai gwada sabon gefen numfashi ya yi gwajin a masbah inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, ya bar teku sai ya iya yin mita 200 yana shaƙa ta gefen da a da yake gudu, kuma ko a lokacin ya tsaya a wuraren da aka halatta iyo, inda akwai masu ceto.